Babi na Biyar: Ruwa na Ƙasa, Sai ga Wanda Bai Tona Ba

A bayan kasuwar ƙauyen kakannina akwai wani tudu da tsohuwar kuka a kansa. Da muna yara ba ma zuwa wurin bayan magariba, don an ce mana akwai mutanen ɓoye. Yanzu kuwa bayan magaribar ne wurin yake cika. Samari da magidanta, da yaran da iyayensu mata suka aiko da wayoyi, kowa ya ɗaga tasa sama yana jujjuyawa kamar mai duban wata. Nan kaɗai ake samun sabis a duk garin. Ranar kasuwa can mai POS yake kafa lemarsa. Mai saye da mai sayarwa sai su bar akuya ɗaure a kara, su tako har tudun, su tsaya jiran alat.

Wata rana na raka ƙanen mahaifina wurin. Manomin riɗi ne, yana so ya tura wa ɗansa kuɗin makaranta. Sau uku ana gwadawa. A na ukun aka cire kuɗin daga asusunsa, amma ba su isa wurin yaron ba. Ya juyo ya dube ni.

"Ɗana, kai da ka yi boko, gaya mini. Wannan abin ba a iska yake ba? To iskar birni daban take da tamu?"

Na ce, "Baba, rabinsa ma ba a iska yake ba. A cikin ƙasa yake."

Ya yi shiru yana kallon gonakin da ke ƙasan tudun, sannan ya ce, "To in a ƙasa yake, ai mu ne masu ƙasar."

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, kuma duk abin da zan faɗa a babin nan sharhi ne a kanta.

Hanyar da saƙo yake bi

Baba yana da hujjarsa. Abin da ido yake gani waya ce a hannu, babu igiya babu zare. Amma tafiyar da saƙo yake yi a iska gajeriya ce: daga hannunka zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, 'yan kilomitoci kawai. Daga nan sai ya sauka ƙasa. A gindin ƙarfen, idan garin ya yi sa'a, akwai bututun roba a binne, cikinsa kuma akwai wayar da ma'aikata ke kira fayiba.

Na taɓa riƙe guntunta a bakin titi, inda leburori suke gyara. In ka feɗe baƙar rigarta, ka zare ta ciki, abin da zai rage a tafin hannunka wasu zarurruka ne na gilashi, kowanne kusan kaurin gashin kai. Babu wutar lantarki a cikinsu. Haske ne yake gudu a ciki, yana ƙiftawa sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, kuma ƙiftawar nan ita ce muryarka, ita ce hotonka, ita ce kuɗin makarantar ɗan Baba.

Inda babu fayiba, ƙarfe ne yake miƙa wa ƙarfe, ta waɗancan fararen abubuwa masu kama da ganga da ake gani a maƙale can sama. Na ƙauye ya jefa wa na gaba, na gaba ya jefa wa na gabansa, har a kai ga wanda ke da waya a gindinsa. Hanyar tana aiki, sai dai ƙunci gare ta. Siririn famfo ya isa a cika buta, amma in unguwa guda ta jera jarkoki, kowa ɗigo zai samu. Abin da ake nufi da intanet mai faɗi ke nan: bututu mai kauri, wanda zai ɗauki darasi na bidiyo da hoton asibiti da cinikin kasuwa a lokaci guda bai shaƙe ba.

Wannan waya ta ƙasa, in ka bi sawunta daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, a bakin teku za ta ajiye ka.

Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa

Kafin 2001 layukan tarho a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun shekarar aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki. Murya ta samu hanya. Intanet kuwa ta daɗe a matse, domin waya ɗaya tak ce ta ƙarƙashin teku take haɗa ƙasar da duniya, wato SAT-3, ita ma tana hannun NITEL.

Sai a 2010 ƙofa ta buɗe. Funke Opeke, injiniyar da ta bar aiki a Amurka ta dawo gida, ta jawo wayar MainOne mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas. Glo-1 ma ta iso daga Ingila. WACS da ACE suka biyo baya, Equiano ta kamfanin Google ta sauka a Legas a 2022, sannan 2Africa ta taɓa gaɓar Akwa Ibom a 2024.

Da yawa daga cikinmu ba mu san da waɗannan wayoyi ba sai ranar 14 ga Maris, 2024, a farkon azumi, lokacin da huɗu daga cikinsu suka lalace a cikin teku daura da Kodebuwa. Ran nan manhajojin bankuna suka ƙi buɗewa, taransifa ta maƙale, ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya ji a jikinsa abin da ya faru a ƙasan ruwan da bai taɓa gani ba.

Ban da irin wannan rana, a bakin teku ba a rasa intanet ba. Abin da ya sauka a gaɓar ya fi ƙarfin abin da ƙasar take iya sha. Matsalar ita ce ɗaukarsa zuwa ciki. Masu harkar sun sha faɗin cewa kai intanet daga Legas zuwa Abuja ya fi kawo ta daga Landan zuwa Legas tsada. A teku jirgi ne yake tafiya yana warware waya, babu mai tsayar da shi. A tudu kuwa kowane taku yana da mai shi.

Kuɗin tona

Duk kamfanin da zai binne waya a gefen titi sai ya biya gwamnatin da ke da titin kuɗin izinin tona, kuma da mita ake lissafawa. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni suke zama, ta amince a riƙa karɓar naira 145 a kowace mita. An tashi daga taro, kowa ya koma jiharsa ya ci gaba da karɓar abin da ya ga dama. Akwai jihohin da suke karɓar dubbai.

Mu ɗauki Ekiti. Har zuwa 2020 naira 4,500 take karɓa a mita ɗaya. A watan Mayun shekarar gwamna Kayode Fayemi ya mayar da kuɗin naira 145. Yi lissafi da kanka. A tsohon farashi, kilomita ɗaya naira miliyan huɗu da rabi ce. Garin da ke nesa da babban titi da kilomita 30, sai an biya naira miliyan 135 kafin a sari ƙasa da diga sau ɗaya. Ba a sayi waya ba, ba a biya lebura ba. A sabon farashi, wannan tazarar ba ta kai naira miliyan biyar ba. A lokacin ne Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya, Anambra ma haka, daga baya wasu jihohin suka bi.

Jihar da ta riƙe kuɗin tona tana ganin ta samu shiga. Sau ɗaya za ta karɓa, in ma kamfanin ya zo. In ya duba lissafi ya fasa, babu kuɗin, babu wayar, kuma babu harajin shagunan da da sun buɗe a bayanta. Wannan shi ne cin iri a bar gona.

Ko an binne wayar ma, ba a huta ba. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ce a 2024 kaɗai an tsinka fayiba fiye da sau 50,000, kuma wajen 30,000 daga ciki aikin titi ne ya jawo. Katafila ta zo faɗaɗa hanya ko haƙa lambatu, direba bai san akwai komai a ƙasa ba, ya kafta, ƙananan hukumomi biyu ko uku su wayi gari babu sabis. Wasu kuma ɓarayi ne, suna zaton akwai jan ƙarfe a ciki. Su tone, su ga gilashi, su watsar. A 2024 ɗin ne kuma shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta tsare. Doka tana da amfani. Amma wayar da ta ratsa daji kilomita hamsin, ba ɗan sanda ne zai yi gadinta ba. Wanda yake noma a gefenta ne yake ganin wanda ya zo da diga da dare.

Lissafin ɗan kasuwa

Gwamnati ba ta rasa tsare-tsare ba. A watan Maris na 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ƙaddamar da shirin shekara biyar: intanet mai faɗi ta kai ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a kafin ƙarshen 2025, saurinta ya kai megabit 25 a birni da 10 a karkara, kuma gigabait ɗaya na data kada ya wuce naira 390. A tsakiyar 2025 alƙaluman NCC ba su kai kashi 50 ba. A 2024 kuma, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, aka amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba. Idan aka yi shi, babban aiki ne. Sai dai irin wannan waya manyan garuruwa take nufa. Daga hedikwatar ƙaramar hukuma zuwa tudun kukar ƙauyenmu, da sauran tafiya.

A wannan sauran tafiyar ne lissafin kamfani yake tsayawa. Ƙarfen sabis yana cin wuta dare da rana. Inda babu lantarki sai janareto, sai motar da za ta kawo dizal ta hanyar da damina ke cinyewa, sai mai gadi. A birni ƙarfe ɗaya yana da dubban masu sayen data. A ƙauye 'yan ɗaruruwa ne, yawancinsu katin ɗari biyu suke sakawa ranar kasuwa. Ɗan kasuwa ba mugu ba ne don ya ƙi zuwa inda zai faɗi.

Dokar sadarwa ta 2003 ta hango wannan, shi ya sa ta kafa asusun USPF, don a riƙa tallafa wa kai sadarwa inda riba ba ta kaiwa. Binciken da aka yi a 2013 ya gano yankuna 207 da sadarwa ba ta isa ba. Zuwa 2022 sun ragu zuwa 97, amma mutanen da ke cikinsu sun kai kimanin miliyan 27. Waɗannan ba intanet mai sauri suke nema ba tukuna. Kiran waya ma bai same su ba.

Kuma rayuwa ba ta jira su ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. A farkon 2023, da takardun naira suka yi wuya, wanda ba shi da sabis ko gishiri sai ya sha wahala kafin ya saya. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga, mutane sun riƙa hawa mota suna tafiya mai nisa don kawai su kira ɗan'uwa ko su karɓi kuɗi. Abin da waɗancan suka ɗanɗana na wani lokaci, shi ne rayuwar wasu garuruwan kullum.

Waɗanda suka tona

A arewacin Ingila, a karkarar Lankashaya, akwai manoma da makiyayan tumaki da manyan kamfanoni suka yi wa irin wannan lissafi suka juya baya. A 2009 wata manomiya, Chris Conder, ta ga bishiyoyi sun girma sun tare wa maƙwabtanta siginar da suke samu ta iska. Ta sayi fayiba ta kilomita ɗaya, ta tayar da taraktar gonarsu, ta ja rami ta binne. A 2011 ita da wani masanin sadarwa, Barry Forde, da mutanen yankin suka kafa ƙungiyar B4RN.

Dabararsu mai sauƙi ce. Ba su bi gefen titi ba, ta cikin gonaki suka ratsa. Mai gona ya ba da hanya kyauta. Mai tarakta ya ja rami. Wanda ba shi da tarakta ya ɗauki shebur, tsofaffi suka kawo shayi. Mai kuɗi ya sayi hannun jari, mai ƙarfi aka biya shi aikinsa da hannun jari. Ribar da ta fito a cikin ƙungiyar take zama. Gidan gonar da ke can bayan dutse ya samu megabit 1,000, wato ninki ɗari na abin da shirinmu ya yi wa karkara alkawari, a kan fam 30 a wata. Abin da ya fi komai tsada a aikin fayiba shi ne ƙasa da tono, su kuwa suna da su a hannu.

Mai karatu zai ce ai manomin Ingila ba sa'an namu ba ne. Gaskiya ne. To mu gangara Afirka ta Kudu, yankin Mankosi a lardin Gabashin Kef: ƙauyuka 12 a kan tuddai, talauci a fili, yawancin gidaje babu lantarki a lokacin. A 2012 mutanen wurin suka haɗa kai da masu bincike daga Jami'ar Yammacin Kef suka fara abin da suka kira Zenzeleni, wato "ku yi da kanku" a harshen Kosa. Shugabannin gari ne suka zauna suka zaɓi gidajen da za a ɗora wa na'urori da faifan sola, bisa amana da kuma tsayin wuri. Kafin komai, solar ta fara kawo kuɗi ta cajin wayoyi. Daga baya suka yi rajistar ƙungiyar gama-kai, suka riƙa sarin intanet suna rabawa, mutum ya biya rand 25 ya yi wata guda yana amfani.

A gida ma an yi. A Kafanchan, gidauniyar Fantsuam ta kafa Zittnet tun shekarun 2000 da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada: kwanon tauraron ɗan'adam guda ɗaya, dogon ƙarfe, batura da sola, ana rarraba wa cibiyoyi da ma'aikatun da ke kewaye ta iska. Sun yi wannan tun kafin MainOne ta iso Legas. A Kano kuma cibiyar CITAD ta daɗe tana horar da matasan karkara a kan wannan aiki, tana kuma kira ga hukuma ta fitar da ƙa'ida ta musamman don irin waɗannan ƙananan hanyoyin sadarwa na al'umma, kamar yadda Kenya ta yi musu lasisi nasu a 2021.

Abin da ke hannunmu

Babu wani abu a labaran nan uku da Bahaushe bai sani ba. Sunansa gayya. Da ita muka gina masallatan Juma'a, muka yashe rijiyoyi, muka cike zaizayar hanya, muka ɗora azuzuwa a makarantun da gwamnati ta manta. Muna da adashi. Muna da ƙungiyoyin ci gaban gari da 'ya'yan garin mazauna birni suke zuba wa kuɗi duk sallah. Muna da dagaci da mai unguwa da sarkin noma, waɗanda in suka ce waya za ta bi ta gonar wane, magana ta ƙare. Muna da rana wadda sola ba ta taɓa ƙorafi da ita ba. Muna da samarin da suke kwance waya su ɗaura ta a rumfar caji ba tare da sun shiga aji ba. Wata uku na horo ya isa su koyi saita eriya da haɗa fayiba.

Ba kowane gari ne zai fara da tono ba. Wanda ke kusa da babban titi, ya nemi a yi masa reshe daga wayar da ta wuce ta gabansa. Wanda ke nesa, dogon ƙarfe da eriya za su iya jawo masa daga garin da ke da ita. Tun watan Janairu na 2023 Starlink ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Kuɗinsa ya fi ƙarfin gida ɗaya a ƙauye, amma bai fi ƙarfin makaranta ko asibitin da gari ya tsaya wa ba. Abin da ba ya canzawa shi ne a zauna tun farko a amsa tambayoyi uku: wa zai riƙe kuɗi, wa zai gyara in ta lalace, kuma nawa kowa zai biya a wata. Ayyuka da yawa da aka kawo mana kyauta a kan waɗannan ukun suka mutu. Batir ya ƙare, babu wanda aka ce nasa ne.

Na san akwai dattawan da suke tsoron abin da intanet za ta shigo da shi cikin gida, kuma tsoronsu yana da tushe. Amma yaron da ke kan tudu shi kaɗai da dare, wa yake ganin abin da yake kallo? Garin da ya mallaki hanyarsa shi yake da ikon cewa makaranta da asibiti za a fara haɗawa, kuma a tsakar gari za a kafa ta, a gaban idon kowa.

Akwai kuma waɗanda tudun nan bai taɓa yi wa amfani ba. Matar aure ba za ta je gindin kuka bayan magariba ba. Yaro take aikawa, shi zai karanta mata saƙo, shi zai san kuɗin da aka turo mata. 'Yar'uwarta ta birni tana sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp daga cikin ɗakinta. Sabis ɗin da ya tsaya a kan tudu na maza ne. Ranar da ya shiga tsakar gida, ranar ce ya zama na gari.

Don haka kira na ga kowa ne gwargwadon abin da yake riƙe da shi. Gwamnan da har yanzu yake karɓar kuɗin tona fiye da naira 145 ya sauke, in ya iya ya yafe. Ma'aikatar ayyuka, duk titin da za ta gina ta binne bututu a gefensa tun ana aikin, ta kuma tambayi inda waya take kafin katafila ta shiga. NCC ta buɗe wa ƙungiyoyin gari ƙofar lasisi mai sauƙi, asusun USPF kuma ya ɗauke su a matsayin abokan aiki. Kai kuma mai karatu, in garinku yana da irin wannan tudu, a taron sallah mai zuwa ka tayar da maganar. Ku bincika inda fayiba mafi kusa ta wuce, ku auna tazarar, ku ƙirga gonakin da ke tsakani, ku je wurin masu su. Baba ya riga ya faɗa: mu ne masu ƙasar. Saura mu ɗauki diga.